Amsa Ga Jazuli, Daga Kasala

Jazuli, saƙonka ya iso da asuba,
daidai dawowar wuta, kowa ya ruga caji.
Ka ce ƙarin wasan nan namu ya fito,
riyal tamanin suke nema a Jidda,
wai in faɗa maka tsakani da Allah: a saya ko a bari?

To, na buga shi. A shagon Nafi'u,
bayan tashar motocin Gadarif,
inda ake biya awa-awa
kuma fanka ɗaya ke yi wa kawuna tara hidima.
Kwana shida ina ratsa Kwarin Toka.

Ga abin da suka ƙara:
gari guda da gishiri ya cinye rabinsa,
jirgin ƙasa da ya mutu a tsaye,
bindigogi sha huɗu, da kare mai ido ɗaya
da ke bin ka in ka gutsura masa gurasa.
Ashana ce kuɗinsu yanzu. Wannan kam ya burge ni.

Sun iya iska, ba zan hana su ba.
Yadda take shiga gidan da ba ƙyaure
ta taɓa labule ta fice,
sai da na tashi na leƙa waje
na ga Dutsen Taka yana nan inda na bar shi.

Amma wanda ya zana durowoyin nan
bai taɓa komawa gidan da ya gudu ya bari ba.
Kowacce ka ja, harsashi ne da magani.
Ni da na koma namu a Umdurman
na ja ta ɗakin Inna: katin bikin Rumasa'u,
makullin da ba wanda ya san ƙofarsa,
rabin carbi, da rasit ɗin ruwa.

Kuma jaruminsu ba ya bin layi.
Awa arba'in ban ga layin burodi ba,
ban ga irin su Hajja Sittana ba
da tukunyar adas a bakin titi,
tana raba wa unguwa ludayi-ludayi,
tana yi wa mai dawowa karo na biyu faɗa
sannan ta zuba masa.
A wurinsu, duniya na ƙarewa kowa ya zama kura.
Mu da ta ƙare mana wata Asabar cikin azumi
mun ga kuraye, ban musa ba,
mun kuma ga mai ba da aron jarka.

Akwai tuntuɓe: sau uku
karen ya maƙale a cikin bango.
Labarin mai tsaron gishiri ya ja kamar cinikin raƙumi,
ƙarshen kuwa ɗinkin jajiberin salla ne.

Abu ɗaya nake ƙyashinsu da shi:
in ka mutu, sai ka koma inda ka adana.
Na daɗe ina kallon wannan maɓalli.
Da nawa ne, da na koma daren Juma'ar nan,
saman rufin gidanmu, ni da kai da Mudassir,
shayi ya huce, muna gardamar wane makami ya fi.

Riyal tamanin.
Ka jira rangwame, shawarata ke nan,
kafin babbar salla ina jin zai sauko.
In kuma ranka ya ƙi haƙuri, saya,
guminka ne, kai ke tsayuwa a shagon waya har sha biyun dare.

Sai dai in ka kai rijiyar da ke bayan tashar jirgin
za ka tarar da wani tsoho zaune da guga.
Wasan zai ba ka zaɓi.
Harbinsa ya fi riba: ashana ɗari biyu.
Ni zama na yi kusa da shi, ban danna komai ba,
har Nafi'u ya dafa kafaɗata
ya ce lokaci ya cika, akwai mai jira.